Azumin Laraba

Tun da aka kawo sababbin tukwane, murfi ba ya buɗuwa muddin akwai mai jin yunwa a gidaje arba'in na kewaye, sai an kai tukunyar ƙofarsa.

Ran Laraba da azahar tukunyar Ladidi ta ƙi buɗuwa. Ta yi gammo ta ɗauka, tana bin gida-gida, tana mamakin ko wane ne. A zauren Baba Ɗanjuma, tsohon tela, murfin ya yi ƙas, ya buɗe.

"Azumi nake, 'yata," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ladidi ta san tukunya ba ruwanta da mai azumi. Ta durƙusa ta zuba masa dambu.

"To ga na buɗa-baki, Baba. Yau magariba da wuri za ta yi."