Giwar Kamfanin Bargo

Abubuwa da yawa sun canza tun tafiyar Auta hayin teku, sai da ya dawo hutu ya gani. Jiniyar kamfanin bargo, wadda a da take riga zakara tashin mutane, ta yi shiru, yanzu kowa sai ya ga dama yake farkawa. Wurin cin abincin ma'aikata ya koma shagon gyaran waya. Filin ajiye kekuna ya zama wurin wankin mota. Mai shagon bakin ƙofa bargo yake sayarwa har yanzu, sai dai na ƙasar waje, mai hoton damisa, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ɗakin Auta kuwa an cika shi da buhunan abincin kaji, shi ya sa ko jakarsa bai kwance ba.

Baba ne kawai bai canza ba. Da sassafe zai zura rigar aikinsa ta shugaban masaƙa, ya ɗauki gwangwanin mai, ya fita da sauri kamar za a yanke masa albashi, alhali rabonsa da albashi tun Auta bai fara gemu ba.

"Wai ina yake zuwa?" Auta ya tambayi Mama.

"Wurin Giwa mana," in ji ta. "Ni da na haifa masa ku, ko ƙafata bai taɓa shafa wa mai ba."

Giwa ita ce injin saƙa na ƙarshe da ya rage a kamfanin. Da masu kamfani suka gano saƙa ta fi araha a hayin teku, sai suka riƙa kwance injuna suna sayar wa mutanen can, ɗaya bayan ɗaya, har saura ita. Baba da tsoffin abokan aikinsa sun rantse ba inda za ta je. A lissafinsu, muddin Giwa na nan, kamfani bai mutu ba, suma ya yi.

Dabararsu mai sauƙi ce. Ba wanda zai biya kuɗin jirgin ruwa don ya kwashi mataccen inji. Saboda haka suke shafa mata mai ta ciki, su bar ƙura da kashin tattabaru ta waje, sannan suka cire wani ɗan haƙorin ƙarfe wanda in babu shi ko tari ba ta yi. Masu saye sun turo masu dubawa har biyu, da takalma masu sheƙi. Duka sun danna, sun leƙa, sun koma sun ce gawa ce.

Auta dai zama ya gagare shi. Ya shiga, ya fita, waya na ta kuka a aljihunsa, sai ya zagaya bayan gida ya amsa. In an tambaye shi aikin me yake yi a can, sai ya ce harkar kaya ce, daga nan zuwa can. Wata safiya ya bi Baba, wai ya gaji da hira da kaji.

A cikin zauren suka tarar da Kurma, abokin Baba wanda ƙarar injuna ta cinye wa kunne, yana gyangyaɗi a kan benci. Auta ya zagaya Giwa, ya dubi faɗin ƙofar zauren, ya dubi rufin, sannan ya fashe da dariya.

"Baba, don Allah wannan ce kuke wa gadi? Ai ku yi mata sutura kawai. Can inda nake, irin wannan yara ake kaiwa su gani a gidan tarihi."

Baba ya ajiye gwangwanin mai a hankali. "Maimaita."

"Ba raini ba ne, Baba. Tsufa ne, yana kan kowa."

Baba ya juya wurin Kurma, ya miƙa hannu. Kurma bai ji komai ba, amma ya gane, sai ya dafe aljihunsa.

"Shugaba, mun yi alkawari fa," ya faɗa da ƙarfi, yadda yake faɗin komai.

"Alkawarin baƙo muka yi. Wannan mara kunyar da gumin Giwa aka ɗinka masa wandon makaranta. Kawo."

Kurma ya ciro haƙorin daga cikin tsumma, ya mayar da shi gurbinsa. Aka jawo wayar wuta daga janareton masu wankin mota. Baba ya ɗaura zare, ya daki gefen Giwa da tafin hannu, ya danna.

Ta yi tari, ta girgiza, tattabaru suka watse. Sai ƙasa ta ɗauki rawa, zare ya shiga gudu, bargo ya fara sauka, mai kauri, layi a miƙe. Kurma na ta dariya, ya ce wannan kaɗai ce muryar da yake ji a duniya. Auta ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar hotonta, daga gaba, daga baya, har ƙarfen da aka buga lambarta a kai.

"Ɗauka da kyau," in ji Baba cikin ihu. "Ka nuna wa mutanen naka gawa."

Da aka kashe ta, Kurma ya mayar da haƙorin aljihunsa, Baba ya yanke abin da ta saƙa, ya yafa wa ɗansa a kafaɗa. An ce can akwai sanyi, ya ce, kuma na damisar nan ko kyanwa ba ya ɗumamawa. Auta ya ce ya gode.

Washegari ya ce hutu ya ƙare. Mama ta yi mita, Baba ya ce namiji da aikinsa. Auta ya shige cikin buhunan kaji, ya danna bargon a jaka da gwiwa, ya ja zif da ƙyar. Ya tura ƙofa, sannan ya kira lamba.

"Yallaɓai, ka ga hoton? Lafiyarta ƙalau, haƙorin yana aljihun wani kurma. Ku turo babbar mota, amma ku bari sai na bar garin tukuna."