Alkakin Garar Balaraba

Tun da aka kafa dokar ɗaura wa masu ciwon suga na'urar magani a ƙugu, Lantana mai alkaki ba ta da sauran sirri. Na'urar tana ba ta lafiya, amma duk abin da ta haɗiya sai ofishin lafiya ya ji. Har sun gargaɗe ta, in ta sake taɓa zaƙi za su raba ta da sana'arta.

Ranar suyar garar 'yarta Balaraba, ta tsamo alkaki ɗaya daga cikin zuma. Ƙanwarta Uwale ta riƙe mata hannu.

"Yaya, ki rufa mana asiri, bari ni in ɗanɗana miki."

"Da harshen aro zan aurar da 'yata?"

Tana gutsura, na'urar ta yi magana da muryar da ofishin ya sa mata, muryar marigayiya mahaifiyarsu: "Lantana, ajiye."

Uwale ta sakar mata hannu. Lantana kuwa ta tauna a tsanake, ta danna na'urar da kanta ta zuba mata magani.

"Ƙarya kike, ke ba Inna ba ce. Inna cewa za ta yi tsamin bai ji ba. Uwale, sake kwaɓi."