Kwamfutar Yaya Ta Rasa Adireshi

Kwamfutar Yaya ta ga wayfai, ta karɓi kalmar sirri, sai ta tsaya cak, wai tana neman adireshi. Ganawar aikin da ya daɗe yana fata ta bidiyo za a yi, kuma lokaci ya ƙarato. Sama ya sha kwat, ƙasa gajeren wando, gumi na keto masa.

Ya kashe rauta, akwatin da ke raba wayfai, ya kunna. Ya goge sunan wayfai ɗin ya sake shigarwa. Wayarsa ma ta bi sahu. Data kuwa a benen nan sai ka zura hannu ta taga kana addu'a.

Ya daka tsawa kowa ya sauka daga wayfai. Umma ta sauka tana mita, ta ce dama wayarta ta kusa mutuwa, tun jiya cajarta ta yi ɓatan dabo.

Auta, ƙanwarsa, ita kaɗai ta tsaya masa. Tana gida dama, tun da jarrabawar shiga makarantar jinya ta kuɓuce mata bara. Ta riƙe masa rauta sama, ta hure ƙura, ta kawo ruwan sanyi.

"Sannu Yaya. Ko a sake kashewa?"

Ya kira mai gyara. Mutumin ya ce rauta adireshi take rabawa, in sun ƙare, wanda ya zo daga baya sai tsayuwa a bakin ƙofa. Lallai wani ya cinye su. Yaya ya tuna shi da kansa ya rage yawansu, kuma ba zai iya ƙarawa ba sai ya samu shiga wayfai ɗin. Ya fita a fusace ya dinga dukan ƙofar maƙwabcin da yake zargi, wanda ko gida ba ya nan.

Da ya dawo, ya zura wayarsa ta taga, saƙon masu aikin ya shigo: sun jira, sun ba wani. Ya zube kan kujera, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Auta ta ba shi haƙuri, ta shiga ɗaki ta murza makulli. Ta jawo durowa. Tsofaffin wayoyin gidan ne jere a jikin caja, kowacce riƙe da adireshi. Ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, ranta fes, tana tuna ranar jarrabawarta, wadda ta intanet aka yi, ranar da Yaya ya rage adireshin don kada ƙwallon da yake kallo ya riƙa tsinkewa, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa.