Layin Awon Tansiyo

"A kwantar da hankali," Mahamud ke ta daka wa tsofaffin Birni tsawa, gumi na tsiyaya. Shi ya sa kansa aikin tsara layin awon tansiyo kyauta. Ko shayi bai kurɓa ba, sai wa'azin illar damuwa yake wa kowa.

Duk tsohon da aka auna lafiya lau. Likita ta fara zargin injin.

"Kawo hannunka mu gwada."

Ya miƙa da taƙama. Ta duba, ta sake dubawa: tansiyonsa ya hau sosai.

"Injin yana aiki. A shimfiɗa masa tabarma."

Tsohuwa Inno, wadda ya fi yi wa faɗa, ta matso tana masa fifita.

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Ni zan riƙe maka layin."