Jirgin Kara na Ya'u

Ke Salmatu, dakata! Ni za ki koya wa tausayin ɗan da na haifa?

Tun da Ya'u ya dawo daga yaƙin Japan a ƙasar Bama ƙafarshi ba ta zauna ba. Yau Farfaru, gobe bakin iyaka, shina leƙen ƙasar Faranshi kamar ya yi ajiya. Abu guda ke zaunar da shi, jirgin ga na kara. Wai na Japan ne, wani saje ya gwada mashi a hoto. Jirgin ruwa ne mai goyon jiragen sama kamar mai jego. Ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba, mi zan ce?

Ya fere kara, ya soke da ƙaya, ya liƙe da ƙaro. 'Yan jirage ashirin ya jera bisa, kowane da jan ɗigo a fiffike. Kuma gabana ya rantse, ran da ya gama, Maraɗi za shi ya shiga sojan Faranshi. Wancan yaƙin ma rabinshi aka maido mani.

Sau uku shina kai ƙarshe, gara na cinye gindin, ya koma farko. Shi ne kike zagina, wai na ƙi ɗora mashi bisa duwatsu kamar rumbu, ina can bayan gari ina kifa tukunyar tara gara don kaji.

Salmatu, shekara nawa kina shiga gidan ga? Kin taɓa ganin kaza?