'Yan Kunnen Fekla

Kwana uku da saukar tsohuwar a gidan Fekla, har ta ga bayan tulun kabeji mai tsami. 'Yar gudun hijira ce, bebiya, ta naɗe kai da haɓa da mayafi saboda ciwon haƙori. Ciwon dai bai taɓa hana ta tauna ba.

Fekla ba ta ji haushi ba. Tun da aka kashe ɗanta Trofim ba ta sami mai sauraro irin wannan ba, wadda za a wuni ana zagin Ataman Kondrat Zabrodin a gabanta ba ta katse mutum ba.

Shi Zabrodin, Jamusawa ne suka ɗora shi ataman, wato shugaban mayaƙan ƙabilar Kosak na ƙauyen, ranar da ya tarye su a bakin kogin Don da burodi da gishiri na maraba. Mutum ne da babu wanda zai rantse ya taɓa ganin fuskarsa. Hular gashin tunkiya ta ci rabi, gashin baki ya ci sauran, har mata suna gardama a rijiya kan ko yana da leɓe. Abin da kowa ya sani shi ne zoben azurfar da ke kunnensa na dama, alamar shi ne namiji na ƙarshe a zuriyarsu. Tun kaka da kakanni ba a tura mai ɗan kunne gaban wuta, kuma ataman ya riƙe wannan al'ada gam a kan kansa. Ko kaza aka harba, yana can baya yana ba da umarni.

Trofim ma yana da nasa a hagu, na ɗa tilo wurin uwarsa. Da Jamusawa suka nemi mutum ashirin su shiga daji farautar 'yan sari-ka-noƙe, ataman ya dubi kunnen yaron, ya dubi sama, ya sa shi a sahun gaba. Dokinsa kaɗai ya dawo.

Yanzu Jamusawa sun tsere, sojojin gwamnati sun shigo, ataman ya ɓace. An bincike gidaje har murhu, amma na Fekla leƙawa kawai aka yi, don kowa ya san abin da ke tsakaninsu. Da kyaftin ɗin sojojin ya gaji, sai ya ce maƙwabta ne suka ɓoye shi: in rana ta take ba a fito da shi ba, duk mutanen layinsa za su hau jirgin ƙasa zuwa sansanin horo a can arewa mai sanyi. Gidan Fekla shi ne na uku a layin.

Aka tara su a filin coci cikin ƙanƙara. Baƙi ba sa cikin lissafi, amma Fekla ta jawo tsohuwar tana tirjiya, ta ce ai ta raka ta. Ba sanyin arewa take tsoro ba. Baƙin cikinta shi ne za ta bar kabarin Trofim babu mai share shi, kuma saboda wannan mutumin dai.

Rana ta kusa tsakiya. Fekla ta cire 'yan kunnenta na aure, waɗanda ta san ba za su kai tasha ta biyu ba a ƙwace su ba.

"Kaka, riƙe waɗannan," ta ce. "Ki zauna a gidan, ki riƙa duba mini yaron."

Tsohuwar ta girgiza kai, ta ja da baya da ƙafafunta gwame. Fekla ta ce kunya ce, a aljihu kuwa ɓacewa za su yi. Ta kamo ta, ta zura hannu ƙarƙashin mayafin, ta sa na dama. Ya shige sumul. Ta juya mata kai, ta lalubi na hagu. Ta sake lalubawa a hankali, da yatsa biyu. Babu huji. Kumatun kuwa ya kankare mata bayan hannu kamar karan alkama bayan girbi.

Fekla ta murɗe kunnen a hannunta da kyau, ta fizge mayafin, sannan ta kira kyaftin ba tare da ɗaga murya ba.

"Zo ka ga ikon Allah, ɗana. Ashe atamanmu yana da leɓe."