Kofin Shayin Malam

Da hantsi wayar Ruwaida ta yi ƙara kamar kullum, ɗan hoton kofi ya fito a manhajar banki. Malam ya sha shayinsa a Alƙahira. Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara zama da tsohon cikinta. Sai dai yau akwai jan rubutu a ƙarƙashin kofin: tsarin da ya ba katin damar aiki a ƙasar waje zai ƙare da la'asar, kuma ba za a sabunta shi ba sai an shigar da lambar tabbaci.

Ita ta buɗe wa mahaifinta asusun a bankin waya, irin wanda ba shi da reshe balle bencin jira. Malam Atiku na Fakku bai yarda da kuɗin da hannu ba ya taɓawa ba, amma da likitocin Sakkwato suka ce aikin maƙogwaronsa sai Masar, dole ya sauko. Kuɗin shanu da na gero duk aka zuba ciki. Ruwaida ta zaɓi babban tsari na wata-wata, ta bar manhajar a wayarta. Malam ya tafi da katin, ƙanenta Mannir yana riƙe masa jaka.

Tun da aka yi aikin ba ta ji muryar Malam ba. Mannir ya ce likita ya hana shi magana. To, hotunan nan suka zama gaisuwarsu: ƙwaya in an sayi magani, kofi in an sha shayi. Mutumin da ko ranar salla ba ya leƙa zaure bai kurɓi shayi ba, in dai kofi ya fito ai da sauƙi. Kwanakin baya hoton ƙwaya ya daina zuwa, ta yi hamdala. A ranar ma ta ga hoton riga daga shagon yadi, da wani na turare. Ta yi dariya ita kaɗai. Tsoho ko miƙewa bai gama yi ba, har ya fara haɗa wa jika tsaraba.

Ta kira bankin. Bayan dogon kiɗa mai cinye kuɗin waya, wata budurwa ta yi mata bayani da Turanci mai santsi. Na'urarsu ta ga ana sayen abu ɗaya a shago ɗaya kowace safiya, shi ne ta yi zargi. An tura lambar zuwa layin da aka buɗe asusun da shi. Ruwaida ta ce mara lafiya ne a ƙasar mutane, in katin ya tsaya da me za a biya asibiti? Budurwar ta ba ta haƙuri, ta maimaita maganarta ta farko ba ragi ba ƙari.

Layin yana cikin ƙaramar wayar Malam, a Fakku, wurin Inna. Ta kira, a kashe. Ta kira Mannir, bai ɗauka ba. Ta kira mijinta Jamaluddeen a sakatariyar Tambuwal.

"Ki bar zancen ga, Ruwaida," ya ce. "Mannir ya san yadda za shi yi. Kin ji abin da nas tac ce kan jininki. Ko ƙofa kar ki leƙa."

Ranta ya ɓaci sosai. Ta san tsoronsa, hawan jini ne ya raba su da cikin fari. Amma ai ba ubansa ba ne za a bari a gadon asibiti ba ko sisi. Shi da yake ta zarya zuwa Fakku kwanan nan wai duba gona, bai taɓa cewa ta zo su je ba. Inna ma haka. Ɗiyarta ta shiga watan haihuwa, ita tana can wai ƙafa ta hana ta fita.

Ruwaida ta ja hijabi ta nufi tasha.

Motar Kebbe ta ƙi cika sai da aka yi azahar. Daga Kebbe kuma sai kabu-kabu. Mai babur ya dubi cikinta, ya dubi hanyar da ruwan jiya ya farfasa, ya so ya ƙi, ta haye kafin ya buɗe baki. Kowane rami sai ta ji shi a ƙugu. Gero ya yi kai hagu da dama, inuwarsa tana ƙara tsawo, ita kuwa idonta na kan jan rubutun nan.

A zauren gidansu ta ga tabarmi a nannaɗe jingine da bango, sun fi na kullum yawa, ga butoci a jere. Matan da ke tsakar gida suka yi tsit da ganinta. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta faɗa ɗakin Inna.

Inna na zaune a ƙasa da wani koɗaɗɗen zane, ba ɗan kunne, ba kwalli, tasbaha a hannu.

"Inna, ina wayar Malam? Katinshi za a rufe!"

Ruwaida ta hango wayar a kan taga, ta kunna. Ladan ya fara gyaran murya a masallaci. Saƙon ya shigo. Ta kwafe lambar, ta danna, ta jira. Jan rubutu ya koma kore.

"Alhamdu lillahi," ta ce, tana dariya tana haki. "Gobe ma Malam ya sha shayinshi."

Wata a bakin ƙofa ta fashe da kuka. Inna ta miƙe tsaye, ƙafarta lafiya lau, ta zaunar da Ruwaida a bakin gado, ta riƙe hannuwanta biyu gam.

"Ki yi salati, ɗiyata," ta ce. "Ni nic ce ma Mannir ya zauna can ya dinga sayen shayin ga har ki sauka lafiya. Malam kam, tun ran da anka sayi farin yadin nan anka kai shi makwancinshi."